Turare da kyandir a cocinmu: gadon Angalikan ne ko aron Katolika?

Ishaya: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Maganar da ake ta ƙus-ƙus a kanta a bakin coci bayan sujada, gara a fito da ita fili. Tun da sabon Rabaran ya zo mana nan Gusau aka ɗora kyandir biyu a kan teburin Jibin Ubangiji, yara masu fararen riguna suna shigowa da gicciye a gaba, ran Ista kuma har da turare. Ni dai a ganina wannan ba Angalikanci ba ne. Katolikanci ne ake shigo mana da shi ta bayan gida, kuma bai kamata mu yi shiru ba.

Baba Katikis: Ɗana Ishaya, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu 'ya'yan CMS ne, ƙungiyar mishan ta Angalikan da aka kafa a Landan a 1799, mutanen wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki. Su suka kawo Bishop Crowther, su suka kawo Likita Mila zuwa Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa. Abin da muka tarar ke nan: tebur muke cewa, ba bagade ba. Limami ya sa farar riga da baƙin gyale, a yi Addu'ar Safe, a rera Zabura, Jibi kuma sai lokaci-lokaci. Ban taɓa jin ƙanshin turare a coci ba sai da na yi furfura.

Rifkatu: Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Abin da kuka faɗa game da CMS haka yake, amma CMS ɗaki ɗaya ne a gidan Angalikan, ba ita ce gidan duka ba. A 1833 wasu malaman Jami'ar Oxford, su John Keble da Edward Pusey da John Newman, suka tashi da cewa Ekklisiyar Ingila ta yi sakaci da Jibin Ubangiji da al'adun ekklisiyar farko. Almajiransu ne suka dawo da kyandir da tufafi masu launi da turare. Ba da sauƙi ba: a 1874 majalisar dokokin Ingila ta yi doka a kansu, har aka ɗaure wani limami, Arthur Tooth, a 1877 saboda irin sujadarsa. Mishan ɗin da suka je Zanzibar da Malawi 'yan wannan ɓangare ne, shi ya sa Angalikan na can suke ƙona turare ba tare da wani ya ce sun bar gida ba. A Gana ma haka za ka tarar. Mu ne dai rabonmu ya faɗo a hannun ɗaya ɓangaren.

Ishaya: Yaya Rifkatu, ke da bakinki kin ambaci Newman. Ina ya ƙare? A 1845 ya koma Roma, har ya zama Kadinal. Hanyar ke nan, can take kaiwa.

Rifkatu: Shi ya tafi. Keble da Pusey kuwa a Angalikan suka mutu.

Ishaya: To mu duba abin da muka sa hannu a kai. Ƙa'ida ta 28 cikin Ƙa'idodi 39 na bangaskiyar Angalikan ta ce Almasihu bai umarta a ajiye gurasar Jibi, ko a zaga da ita, ko a ɗaga ta, ko a yi mata sujada ba. Ran Lahadi da idona na ga an ɗaga ta sama, an kaɗa ƙararrawa, mutane sun sunkuya. Cranmer da ya tsara mana Littafin Addu'a a 1549 da 1552, ƙona shi aka yi a 1556, kuma maganar Jibin nan tana cikin abin da aka kama shi da shi. Jinin mutane ya zuba a kan wannan, ba ado ba ne kawai.

Malam Yohanna: Ni baƙo ne a cikinku, ɗan Lutharan daga Numan, aiki ya kawo ni Zamfara nake sujada tare da ku. Ku bar ni in faɗi namu. Mutane suna zaton Martin Luther, tushen ekklisiyarmu, ya share komai ne. A 1522, yana ɓoye a gidan ganuwa na Wartburg a Jamus, wasu suka shiga farfasa siffofi a majami'un Wittenberg. Ya fito ya dawo, ya yi wa'azi kwana takwas a jere yana kwaɓarsu, cewa Maganar Allah ce za ta yi aikin, ba ƙarfin tuwo ba. Shaidar bangaskiyarmu ta Augsburg, ta 1530, ta faɗa ƙarara cewa ba mu yar da Mas ba, wato sujadar Jibin Ubangiji, muna yin ta da girmamawa. Abin da aka cire shi ne koyarwar cewa hadaya ce da ake miƙawa don sayen gafara. Lutharan na Suwidin har yau da bishop-bishop ɗinsu da tufafinsu na da. Mu kuma da bishara ta zo mana ta hannun Likita Brønnum ɗan Denmak a 1913, tsarinmu ya fi sauƙi, ga ganga ga waƙoƙin gida. Dukanmu Lutharan ne, domin wannan shaidar dai ta ce ba dole al'adun da mutum ya tsara su zama iri ɗaya a ko'ina ba, muddin bishara da sakramenti suna daidai.

Maman Zumunta: 'Ya'yana, duk tarihin nan na ji, na kuma ƙaru. Amma ba wanda ya tambaye mu mu da muka fito daga gidan Maguzawa. Ni a gaban idona ake turara mai bori kafin iska ta hau. Mahaifiyata ranar da ta karɓi Yesu, kaskon turarenta ta fara fasawa. Ran Istan nan da hayaƙin ya taso, jikina rawa ya kama, ban iya buɗe baki na yi waƙa ba, ban kuma matsa na karɓi Jibi ba. Ba Roma na tuna ba, ni ban san Roma ba. Abin da muka baro na tuna. Kuma ba ni kaɗai ba ce a cikin mata.

Rifkatu: Mama, wannan ya fi duk abin da na kawo nauyi. Zan dai ce turare yana cikin Littafi: Zabura 141 ta kwatanta addu'a da shi, Zakariya yana kan ƙona shi mala'ika ya zo masa da albishir ɗin Yohanna, a Ru'ya sura 8 kuma hayaƙinsa yana hawa tare da addu'o'in tsarkaka. Ba na bori ba ne tun asali. Amma Bulus ya ce in abinci zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya haƙura da nama. In turare zai hana uwa kamarki zuwa teburin Ubangiji, to a ajiye shi sai an zauna an koyar. Kyandir da gicciye kuwa ina nan a kan bakana.

Dauda: Ku yi haƙuri, ni daga ƙauye rashin tsaro ya koro ni. Kafin mu taso mun yi wata da watanni ba mu ga Jibi ba, don ba limamin da zai iya bin hanyar, katikis kuma ba shi da izinin keɓe gurasa. Da na zo nan na tarar ana yi kowace Lahadi, kuka na yi. Wannan ma sabon Rabaran ne ya kawo, kuma na ji Yaya Rifkatu ta ce mutanen Oxford ɗin nan a kan Jibi suka faro. In za a cire wani abu, don Allah kada a haɗa da wannan.

Baba Katikis: Dauda, Allah ya mayar da ku gida lafiya. Jibin kowane mako ba ni da ja a kai. Ishaya, ka karanta ta 28, ka ƙara da ta 34: kowace ekklisiya tana da ikon tsara al'adunta ko ta sauya su, in dai don gina jama'a ne. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba a tara mu an bayyana mana ba, sai gani muka yi. Ni zan je wurin Rabaran da kaina, in roƙa a sa maganar a zaman majalisar coci, Mama kuma ta zo ta faɗa da bakinta.

Ishaya: Na yarda a kai majalisa, Baba. Kyandir ba zan yi faɗa a kansa ba, Jibin mako-mako ma ina so. Amma ɗaga gurasa da kaɗa ƙararrawa, sai Rabaran ya buɗe Ƙa'ida ta 28 a gabanmu ya gaya mana yadda ya fahimce ta. In amsar ba ta gamsar ba, zan nemi a rubuta wa Bishop.