Ana so in sa hannu a kan cikon da ban gani ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum manyanmu. Ni injiniyan binciken ƙasa ne, ina duba aikin ciko a filin da za a gina sito. Yarjejeniyarmu da mai aiki ta ce in riƙa leƙowa jefi-jefi. Da na koma sai na tarar ɗan kwangila ya jibga ciko kusan mita biyu, rola ta bi kai ya yi sumul, amma ko shimfiɗa ɗaya ba a gwada ba. Yanzu mai aiki na so in rubuta cewa duk cikon ya kai kashi 95 cikin 100 na gwajin Proctor, wato gwajin da ke nuna iyakar yadda ƙasa za ta iya daɓuwa. Wai ina riƙe musu aiki. Ya zan yi?

Wani tsohon hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sa hannu. Ƙarfin rola ba ya nisa, shi ya sa ake zuba ƙasa santimita 20 zuwa 30, a daidaita danshinta, a daɓe, a gwada, sannan a ƙara wata. Sama na iya ba ka 98 alhali can ƙasa ɓurɓushi ne, ka danna da takalmi ya lotsa. Ran da daɓen siton ya tsage ba mai neman direban rola, takardarka za a ɗauko. Ka rubuta abin da idonka ya gani kawai: rana, wuri, zurfi da sakamakon gwaji. Inda ba ka gani ba, ka faɗa ƙarara.

Wata 'yar'uwa:
Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma ƙi kawai ba ya tada gini. Malam, ka ba su mafita: a tona ramuka har tushen cikon a gwada kowane mataki, ko a soka DCP, wato sandar ƙarfe da ake bugawa cikin ƙasa don auna ƙarfinta. In ya faɗi, a kwashe a sake, kuɗin kuma na ɗan kwangila ne tunda yadda ake aikin hakkinsa ne. Ka tura wa mai aiki a rubuce yau, ban da waya. Sannan ka duba inshorarka ta sana'a, yawanci sakaci take biya, ba ta ɗaukar garantin da ka bayar da kanka.

Mai tambaya:
Na gode. In suka ƙi tonon fa?

Tsohon hannu:
Sai rahotonka ya tsaya a kan abin da ka gani ka gwada kawai.