Wace kalma za mu sa wa kubizim?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Bayani ake so a ƙarƙashin wani zane: tsauni ne can ƙuryar arewacin Turai, hunturu na ƙarewa, dusar ƙanƙara ta fara narkewa, baƙin dutse na leƙowa. Salon zanen da ake kira kubizim ne, muna nema masa suna da Hausa. An kawo shawarar "zanen murabba'i". Ya kuka gani?

Malamin zane: Wa alaikumus salam. Murabba'i bai yi ba, Malam, shimfiɗaɗɗe ne. Sunan ma daga bakin mai suka ya samo asali: a 1908 Louis Vauxcelles ya ga zanen gidajen L'Estaque ta Faransa na mai zane Georges Braque a Paris, ya ce ya mayar da komai akwatuna, wato "cubes", daga nan aka sami "kubizim". Amma aikin ba jera akwatuna ba ne. Dubi abin da mai zane Picasso ya yi da gidaje da tsaunin Horta a Sifaniya a 1909: siffar ake farfasawa, a nuna ta daga wurare da yawa a lokaci guda.

Mai fenti: Gaskiyar Malam. Ka zana tsaunin da gawayi daga wuri uku, ƙasa da gefe da sama, ka ɗora su kan juna. Sai ka raba shi fuska-fuska, kamar ashirin zuwa talatin. Kowace fuska ta yi duhu a gefe ɗaya, ta washe a ɗayan, kuma ka bar gefe guda a buɗe don gangaren ya kutsa cikin sararin sama. Nan masu koyo ke faɗuwa: suna kewaye kowace fuska da baƙin layi, sai zanen ya koma tayil. Launi kaɗan ya isa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ɗan kore. Ƙanƙarar kuwa kada a shafa mata fari zalla, yana kashe zurfi. A sirka shi da shuɗi ko toka, a bar farin tas a fuska biyu ko uku kusa da ƙololuwa. Don haka nake cewa "fasa-siffa".

Malama mai nazarin harshe: Ya zauna a baki, ginin "fasa-ƙwauri" ne. Da za a ce "zanen kusurwoyi", zai haɗa har da adon bangon gidajen Zariya, ya yi faɗi da yawa. Mai yin sa kuma "mai zanen fasa-siffa".

Mai fassara: Madalla, Malama. Zan rubuta: "Tsaunin arewa a ƙarshen hunturu, zanen fasa-siffa." Kubizim zai fito sau ɗaya a cikin bayanin, don mai son neman ƙari.