Tare ashar da tarkace kafin su shiga tarihin Git

Daga Gwarinpa: Assalamu alaikum. Sau da yawa kod yakan isa hannun wanda ya ba da aikin da ashar a cikin sharhin kod ɗin, ga `console.log` (layin gwaji mai fitar da saƙo) da aka manta. Ta yaya kuke tare su tun kafin commit, wato shigar da canji cikin Git, manhajar da ke adana tarihin kod?

Daga Wuse 2: Wa alaikumus salam, Malam. Buɗe fayil mai suna `.git/hooks/pre-commit`, wanda Git ke gudanarwa kafin kowane commit, ka yi masa `chmod +x` don ya iya gudana, in ba haka ba Git ba zai kula shi ba. A ciki, `git diff --cached -U0` zai fito da abin da ake shirin shigarwa. Ware layukan da suka fara da +, `grep`, umarnin neman kalmomi, ya gwada su da jerin kalmomin da ka haramta. In ya kama wani abu, `exit 1` zai tsayar da commit ɗin. Sababbin layuka kaɗai za ka duba, kada zagin da wani ya rubuta tun bara ya hana kowa aiki. Kuma kada ya goge komai da kansa: ya nuna layin, mai shi ya gyara.

Daga Kubwa: A haɗa wa `grep` da `-i` (kada ya bambanta babban harafi da ƙarami) da `-w` (cikakkiyar kalma kaɗai). In babu `-w`, ranar da ka sa "uwa" a jerin, "kasuwa" da "rayuwa" duk za su faɗa tarko. Jerin da ake saukewa a intanet galibi na Turanci ne, dole ku rubuta na Hausa da kanku, kowace kalma da ƙ da k, don mutane ba sa damuwa da lanƙwasa. A tabbatar tashar umarni (terminal) tana kan tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba `-i` ba zai haɗa Ƙ da ƙ ba. Fayil ɗin jerin ma a cire shi daga binciken, don shi zai fara kamawa.

Daga Utako: 'Yan'uwa, `.git/hooks` ba ya bin `git clone`, wato wanda ya sauke ma'ajiyar kod ɗin ba zai same shi ba. Ku ajiye fayil ɗin `pre-commit` a wani wuri cikin ma'ajiyar, kowa ya nuna wa Git wurin da `core.hooksPath`, wanda ya zo da Git 2.9 a 2016. Saƙon commit kuwa `commit-msg` ne ke duba shi. Mai sauri zai tsallake duka da `--no-verify`, saboda haka a maimaita binciken a GitHub Actions, wanda ke gudanar da bincike da kansa idan an tura kod.

Daga Wuse 2: Gaskiyarki, Hajiya. Abin da ya riga ya shiga, in commit na ƙarshe ne kuma ba a tura ba, `git commit --amend` ya wadatar. In an tura, sai `git filter-repo --replace-text`, wanda ke canza lambar kowane commit daga wurin gyaran zuwa gaba, kowa kuma sai ya sake sauke ma'ajiyar. In mabuɗin API (lambar sirri ta shiga wata hidima) ne ya fita, a fara soke shi kafin a taɓa tarihi.