Masu buga Traveller, ya kuke yi in mutum ya mutu tun wajen haɗa shi?

Mai shayin Boukoki:
Salamu alaikum ƴan uwa. A fadarmu nan Yamai muna buga Traveller daren asabar, tsohon nan na 1977 da Marc Miller ya rubuta, wasan labari ne na tafiya sararin samaniya da ake yi da takarda da ƙwayar lido, kowane ɗan wasa ya haɗa mutumin da zai zama a cikin labarin, ni ke alƙalanci, wato ni ke jan labarin. Wajen haɗa mutum ne rigima ke tashi. Ka jefa ƙwayar lido biyu sau shida, ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, ilimi da matsayi cikin jama'a, sai mutumin naka ya shiga aiki yana ɗan shekara 18, sojan kumbo ko sojan ƙasa ko fatauci ko Scouts masu leƙen sabbin duniyoyi, kowane zango shekara 4 kuma kowane zango sai ka jefa a ga ko ya rayu. Wani ƙanenmu ya zauna ya raɗa ma nashi suna har ya zana fuskarshi a kaye, zango na biyu ƙwaya ta kashe shi tun ba a fara wasa ba, yaron ya aje bik ya ce ya fasa. Ku kuna barin mutuwar ko kuna cire ta?

Ɗan Talladje:
Wa alaikumus salam babban yaya. Scouts ya shiga ko? Can sai ka samu 7 ko sama kafin ka tsira, in ka lissafa fuskokin ƙwaya biyu 15 cikin 36 mutuwa ce, kowane zango fa. Mu muna barinta, don ita ce ke sa mutum ya san lokacin tsayawa. In babu ita kowa zai yi ta ƙara zango yana tara gwaninta har ya fito ya iya komai. Abin da muke yi kawai, ba a raɗa suna sai mutum ya bar aiki.

Ƴar Harobanda:
Ni dai gaskiya ban yarda a bar sabon shiga da wannan ba. Mu ƴan jami'a Traveller na kamfanin Mongoose muke bugawa, wanda ya fara fita 2008, a ciki in ka faɗi jifan tsira ba lalle ka mutu ba, wata masifa ce ke samunka a kore ka daga aikin, ko rauni ko ka yi abokin gaba. Mutuniyar da na haɗa, na so ta zama matuƙiyar kumbo, tun a gida na gama tsara ta a kaina, sai ƙwaya ta ba ni zafin nama 4 amma ilimi 11, aka kore ta daga sojan kumbo zangon farko, ta koma cikin fatake tana gyaran inji, ta fito da shekara 38 da ciwon ƙafa da wani tsohon ofisa da ke nemanta ruwa a jallo. Ranar raina ya ɓaci wallahi. Amma yanzu duk teburin ita aka fi sani, in aka sauka wata tasha sai kowa ya juyo ya kalle ni don an san ba ta shiga inda sojoji suke, sai ta zagaya ta bayan kasuwa ko ta zauna cikin kumbo tana kwance famfon mai. Wadda na tsara a gida ba ta da wannan tsoron, da ban san mi zan yi da ita ba bayan tuƙi.

Ɗan Talladje:
Ƴar uwa 38 ai kin wuce layi, daga 34 ake fara jifan tsufa, ƙarfi da juriya su fara zubewa.

Ƴar Harobanda:
Na sani, juriya ɗaya ta tafi. Na karɓa don ina son ƙarin gwanintar inji.

Malamin lissafi:
Abin da ban ji kun ambata ba shi ne a haɗa mutanen tare, a zama ɗaya, kar kowa ya zo da takardarshi daga gida. A na Mongoose akwai doka, in ka ɗaura wani abin da ya faru da naka da mutumin wani, ku biyun kuna samun ƙarin gwaninta. Mu da muka yi haka, wanda aka kora daga soja sai ya zama mutumin wani ɗan wasan ne ya ɓoye shi cikin kayan fatauci, tun kafin alƙali ya buɗe baki an san wa ke bin wa bashi. Daren farko gaba ɗaya a nan yake tafiya, shayi uku sun ƙare ba a tashi kumbo ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Na Tawa:
Mu nan Tawa littafin Traveller ma wuya gare shi, wani wasa irinshi, Stars Without Number na Kevin Crawford muka sauke a waya don akwai na kyauta, guda ke karanta Ingilishin yana hwaɗa muna. Can ƙwaya ukku kake jefawa ga kowace siffa, kuma an yarda ka maida guda ta koma 14, babu mutuwa wajen haɗawa. Ga yaro sabon shiga shi ya fi sauƙi, cikin rabin awa ya samu mutum.

Mai shayin Boukoki:
Na gode ƙwarai. Asabar mai zuwa zan kira ƙanen namu, mu sake haɗawa gaba ɗayanmu a zama ɗaya kamar yadda Malam ya ce, wanda ya faɗi jifan tsira a ba shi rauni ya bar aiki a zangon. Ɗan Talladje in kana da lokaci ka biyo da ƙwayoyinka, namu biyu ne kacal kuma na lidon yara ne.