Mi ya hana a yi rigakafin ciwon kaska kamar yadda anka yi na bushiya?

Ɗan Bunza:
Assalamu alaikum jama'a, tambaya gare ni ga masana dabbobi. Duk damina in kaska ta yi yawa sai shanu su kama fitsarin jini, tumaki kuma su riƙa zagaye suna faɗuwa suna shure-shure, kullum muna cikin sayen Berenil da allurar LA (oxytetracycline mai daɗewa a jiki) da maganin feshi kuɗi na ta tafiya. Rigakafin ciwon huhu ana kawo muna, to ina na ciwon kaska? Ai bushiya ma an gama da ita

Likitan Dabbobi BK:
Wa alaikumus salam. Malam bushiya daban take, ƙwayarta iri guda ce a wurin garkuwar jiki, allura ɗaya ta tsare saniya iyakar rayuwarta, shi ya sa anka iya shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Na kaska kuwa ba ciwo guda ba ne. Fitsarin jini ƙwayar Babesia ke kawo shi, ita ma akwai bigemina akwai bovis, zagayen nan da faɗuwa kuma sau da yawa wata ce daban Ehrlichia, babbar kaskar nan mai zane a baya mai tada kirci ita ke ɗauke da ita. Inda matsalar take, ko ita Ehrlichia ɗin kaɗai dangi-dangi ce, in an duba ƙwayoyin halittarsu sai a ga sun bambanta, jikin dabba ya gane wannan ya yaƙe ta, gobe wata kaska ta zo da 'yar uwarta bai san ta ba. Afirka ta Kudu suna da rigakafin Ehrlichia ɗin, daga iri ɗaya sunka yi shi mai suna Ball 3, kuma ko cikin ƙasarsu ba ya tare duka, balle a ce Kamba ko Dole Kaina inda shanun Nijar da Benin da namu ke cakuɗuwa kowa da kaskarshi.

Ɗalibar Zuru:
Likita ya gama magana, ƙari dai. A Kenya sun sha wannan wahalar da Theileria parva, wata ƙwayar ciwon kaska mai kashe shanun gabashin Afirka, sai da sunka haɗa iri 3 cikin allura ɗaya, Muguga da Kiambu 5 da Serengeti, tun shekarun 1970. Duk da haka inda shanu ke kiwo kusa da ɓauna wani lokaci ba ya riƙewa don na jikin ɓauna sun fi yawan iri. Ita dai wannan ba mu da ita a nan, alhamdulillahi.

Ɗan Bunza:
To Likita ba a kawo na Afirka ta Kudun mu gwada? ko rabi ya tare ai an rage asara

Likitan Dabbobi BK:
Ba kamar na huhu ba ne fa. Jini ne mai ƙwayar da ranta, a daskare ake ajiye shi cikin ruwan naitirojin, a jijiya ake yin shi, sannan a bi dabba da awon zafin jiki in zazzaɓi ya taso a yi mata LA, wa zai yi wannan a ruga? Ni a ganina kafin a yi zancen allura sai an ɗebi jinin shanunmu da kaskarmu daga Argungu har Yauri an san waɗanne iri ke gare mu, wurare irin su cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da jami'o'inmu aikinsu ke nan.

Baba Ardo:
Ɗana ni ban yi boko ba jikana ke rubuta min. Gudali da Rahaji da kaska ta cije su tun suna maruƙa ba su cika faɗuwa ba, masu mutuwa farat ɗaya shanun Turawan nan ne na madara da waɗanda anka sayo daga nesa. In ka sayo baƙuwar saniya ka ware ta ka cire mata kaska kafin ta shiga garke.