Me ya haɗa madubin hangen taurari da ɓoye saƙo ta hanyar kwantam?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina karanta tarihin Farfesa Anton Zeilinger na Jami'ar Biyana da ke Ostiriya, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin Fiziks a 2022 tare da Alain Aspect da John Clauser, sai na ga ana yawan ambaton madubin hangen taurari a aikinsa na ɓoye saƙo ta hanyar kwantam, wato sashen Fiziks da ke nazarin ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani. A iya sanina wannan madubi kayan aikin masu nazarin samaniya ne. Ina roƙon masana su warware mini alaƙar.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ake aikawa ba saƙon ba ne, mabuɗin kulle saƙon ne, kuma ana ɗora shi a kan ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, bisa dabarar da Charles Bennett da Gilles Brassard suka fitar a 1984. Duk wanda ya tare ƙwayar a hanya don ya auna ta sai ya sauya yanayinta, mai aikawa da mai karɓa kuma za su gane an taɓa ta. Matsalar ita ce wayar gilashi da ake tura ƙwayoyin ta cikinta tana shanye haske, ta yadda bayan kilomita 100 kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne ke isa, kuma ba a iya ƙara wa ƙwayar ƙarfi a hanya domin ba ta kwafuwa. Shi ya sa aka koma aikawa ta cikin iska, inda ake buƙatar abin da zai tattaro haske mai rauni daga nesa, wanda shi ne ainihin aikin madubin taurari. A 2007 tawagar Zeilinger ta aika ƙwayoyin daga tsibirin La Palma zuwa tsibirin Tenerife, duka na ƙasar Sifen, tazarar kilomita 144, aka karɓe su da madubin hukumar sararin samaniya ta Turai mai faɗin mita ɗaya.

Injiniya Sani:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ana zuzuta lamarin fiye da kima. Pan Jianwei, wanda ya yi digirin digirgir a hannun Zeilinger, shi ya jagoranci tauraron ɗan'adam na ƙasar Sin mai suna Micius da aka harba a Agustan 2016, kuma a Satumban 2017 aka yi hira ta bidiyo tsakanin Beijin da Biyana da mabuɗin da ya raba. Amma a wannan gwaji tauraron da kansa ya san mabuɗin, wato dole ɓangarorin biyu su amince da mai tauraron. Ga shi kuma da dare aka yi aikin, kuma gajimare kaɗai ya isa ya tsayar da shi.

Malama Rabi:
Gaskiyarka, Injiniya, amma kada a manta cewa a 2020 tawagar Pan ta raba mabuɗi tsakanin tashoshi biyu a Sin masu nisan kilomita 1,120 da tagwayen ƙwayoyi masu ɗaurarriyar alaƙa da Micius ya aiko, wato waɗanda sakamakon auna ɗaya ke da alaƙa da na ɗayar ko da suna nesa da juna, inda tauraron ba ya sanin komai daga mabuɗin. Saurin ya yi ƙasa ƙwarai, wannan kam ban musa ba, kuma abin da ya sa gwajin ya yiwu shi ne gyaran da suka yi wa maduban da ke karɓar hasken a ƙasa.

Abban Hanifa:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Ashe faɗin madubin da tsabtar sararin wurin su ne ke yanke yawan ƙwayoyin da za a kama, shi ya sa ake kafa tashoshin a kan tsaunuka.