Makon atisaye mafi nauyi kafin gasar Ironman: shawarwarin masu horarwa

Gasar Ironman iyo ce na kilomita 3.8, keke 180, sannan gudu 42.2. Masu horar da 'yan wannan gasa sun yarda makon atisayen da ya fi nauyi, awa 15 zuwa 20, ya zo saura mako uku ko huɗu a yi gasa, daga nan a riƙa sassautawa.

Keke ke cin kusan rabin lokacin. A ware rana guda a yi awa biyar a kai, ana sauka a sa takalmi a yi gudun minti 20, don cinyoyi su saba da nauyin da ke kama su bayan feda. Dogon gudu kada ya wuce awa biyu da rabi, in ya haura gwiwa da agara ke shan wuya.

Masu horarwar sun fi ba da muhimmanci ga abinci. A kan keke a ci giram 60 zuwa 90 na sukari da sitaci kowace awa, da ruwa rabin lita ko fiye mai ɗan gishiri. Wanda ya jira sai yunwa ta kama shi, ƙarfinsa zai yanke tsakiyar hanya. Abin da ciki bai saba da shi yanzu ba, kada a taɓa shi ranar gasa, yana iya jawo gudawa.

In bugun zuciya da asuba ya ƙaru kwana biyu a jere, a huta ranar.